Ɗurawa da Ɗanawa: Waiwaye a Kan Tarihin Ɗurin Bindigar Toka

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya ya san 'yan bindiga. Su ne ke tafe a ƙasa cikin ayarin sarki, suna sakin wuta sama, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su zabura, yara su toshe kunne. Abin da 'yan kallo ba su cika lura da shi ba shi ne aikin da ɗan bindiga ke yi tsakanin harbi da harbi, watau lokacin da zai dasa gindin bindiga a ƙasa, ya zuba albarushi ta baka, ya bi shi da tsumma, ya daka da sanda. Manufar wannan maƙala ita ce ta waiwayi tarihin wannan ɗan gajeren aiki, domin a cikinsa ne mafi yawan haɗarin bindigar yake, kuma duk al'ummar da ta daɗe tana riƙe da ita sai da ta tsara wa ɗurin ƙa'idoji. Turawa sun rubuta nasu, har yau masu wasan harbi a filayen gwaji da su suke aiki. Hausawa kuwa a ka suka riƙe nasu, sai ɗan abin da ya maƙale a cikin harshe.

Sunayen bindigar da kalmomin ɗurinta

Kalmomin asali na wannan fanni aro ne daga Larabci. Bindiga daga bunduƙiyya take, albarushi daga albarud, harsashi kuma daga arrasas, watau darma. Wannan ya nuna ta arewa da gabas Bahaushe ya fara jin labarin bindiga, tun kafin ta kwararo masa daga bakin teku. Amma da aka zo ga bambanta irin wadda ake ɗurawa ta baka da bindigogin zamani, sai Bahaushe ya koma rumbunsa. Ya ce bindigar toka, ya ce adaka, ya ce baushe, ya kuma ce harba-ka-ruga. Wannan suna na ƙarshe ba'a ce, amma kamar yadda za mu gani nan gaba, ba'a ce mai tushe a tarihi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikatau biyu, ɗura da ɗana. Ɗura ita ce zuba abu a mazubi mai ƙaramin baki, kamar yadda ake ɗura ruwa a gora ko a yi wa jariri ɗure. Ɗana kuwa daga fagen baka da tarko ta fito: ana ɗana kibiya, ana ɗana tarko, ana kuma ɗana kunamar bindiga. Ke nan harshen ya raba aikin gida biyu. Bindiga tana iya zama a ɗure ba a ɗana ta ba, kuma wanda ya ce ya ɗura bai ce ya shirya harbi ba. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin shi ne ginshiƙin dokokin da za mu tarar a filayen gwajin harbi na Turai da Amurka.

Shigowarta ƙasar Hausa

Littafin Tarihin Kano ya ambaci bindigogi cikin kayan da Dagaci ya zo da su daga Barno a zamanin Sarki Dauda (1421-1438), sai dai masana tarihi ba su amince da wannan ba, ganin lokacin ya yi wuri ƙwarai. Shaidar da ta fi ƙarfi ta Barno ce a ƙarshen ƙarni na 16, inda limamin Mai Idris Aloma, Ahmad bin Fartuwa, ya rubuta cewa sarkin ya samu 'yan bindiga Turkawa, ya kuma sa aka koya wa bayin gidansa harbi. A 1591 kuma 'yan bindigar Maroko suka karya rundunar Sanwai a Tondibi. A Kano, littafin ya ce an kawo bindigogi daga Nufe a zamanin Kumbari (1731-1743), Babba Zaki (1768-1776) kuma shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki.

Duk da haka bindiga ba ta kori baka da doki daga fagen fama ba, kuma dalilin yana ga ɗuri. Sojan Turai da ya sha horo yakan yi harbi uku a minti ɗaya. Wanda bai ƙware ba kuwa, kafin ya gama ɗuri ɗaya ɗan baka ya aiko masa da kibau masu yawa. A 1823 Baturen nan Denham ya bi Larabawa 'yan bindiga hari wajen duwatsun Mandara, ya ga yadda Fulani masu kibau masu dafi suka tarwatsa su, shi kansa da ƙyar ya sha. A 1826 Clapperton ya halarci harin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a Konya. Ya ba da labarin cewa bindigogin da ya gani cikin wannan babbar runduna ba su kai 50 ba, masu riƙe da su duka bayi ne, kuma kowanne in ya harba sai ya ruga inda kibiya ba ta kai wa, ya ɗura. To, ga harba-ka-ruga nan da idon mai shaida.

Zancen bayi yana da muhimmanci ga batunmu. Masu sarauta da jarumawa a kan doki suke, da takobi da mashi. Bindiga aikin bayin sarki ce, a Kano ƙarƙashin manyan bayi irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama. Malaman ƙarni na 19 sun yi rubutu mai yawa a kan jihadi da hukunce-hukuncensa, amma sana'ar bawa ba abin da ake ɓata tawada a kai ba ne. Saboda haka ilmin ɗuri ya tafi daga uba zuwa ɗa, daga ubangida zuwa bara, ba tare da takarda ba. Ko a rabin ƙarnin na biyu, da bindigogi suka yawaita a Nufe zamanin Masaba, da Damagaram zamanin Tanimu (1851-1884) wanda har igwa aka ƙera masa a Zindar, da kuma rundunar Rabe da ta ci Barno a 1893, hanyar koyarwar ba ta sake ba.

Inda haɗarin yake

Kafin mu duba ƙa'idojin, ya kamata mu fahimci abin da suke tsarewa. Albarushi gari ne da ake haɗawa da gawayi da farar wuta da wani irin gishiri, kuma ɗan tartsatsi kaɗan ya isa ya tashe shi. In ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya zama iska, saura yake bari, wani ya fita cikin hayaƙi, wani ya daskare a cikin bututu. Daga wannan hali nasa haɗurra suke tasowa.

Na farko shi ne garwashi. Bayan harbi wani ɗan guntun tsumma ko takarda yana iya saura yana ci a can ƙasan bututu, ba mai ganinsa. In aka zuba sabon albarushi a kai sai ya tashi nan take. Idan awo ɗaya ne aka zuba, abin zai tsaya ga ƙunar yatsu. Idan kuwa daga ƙaho ko gora ake tsiyayawa kai tsaye, wutar za ta bi garin ta hau cikin ƙahon, ya fashe a hannun mai shi, dab da fuskarsa. Wannan shi ne mafi muni, shi ne kuma mafi sauƙin kaucewa.

Sai ɗuri a kan ɗuri. Bindigar da ake ɗurawa ta baka ba ta da wurin buɗewa a leƙa, don haka ido ba ya gane ɗurarriya da wofi. Mutum ya ja kunama cikin hayaniya, bindiga ta ƙi tashi bai sani ba, ya ƙara wani ɗurin. Misalin da aka fi bayarwa shi ne na yaƙin Gettysburg a 1863, lokacin basasar Amurka. Cikin bindigogi fiye da 27,000 da aka tsinta a filin bayan yaƙin, kusan 24,000 a ɗure suke, kimanin 12,000 ɗuri biyu ne a cikinsu, wajen 6,000 kuma daga uku zuwa goma, har aka sami guda mai ɗuri 23. Waɗannan fa sojoji ne da aka yi wa horo.

Akwai kuma barin fili tsakanin albarushi da harsashi. Da zarar dattin hayaƙi ya taru, bututu yakan matse, harsashi ya tsaya a tsakiya, mai ɗuri ya zaci ya kai ƙasa. In aka harba a haka, bututun yana iya kumbura ko ya tsage. Haka nan akwai jinkirin tashi: wuta ta kama a ƙofar 'yar kafar da ke kai ta ciki, amma ta yi nawa, mai harbi ya sauke bindiga ya juyo da bakinta don ya duba, sai ta tashi.

A Afirka ta Yamma an sami ƙarin wata matsala, ita ce rashin ingancin bindigar kanta. Tun 1813 aka kafa gidan gwajin bututun bindiga a Birmingham ta Ingila bisa dokar majalisa, amma bindigogin fatauci da ake ƙerawa can da Liège ta Beljiyam don kasuwar Afirka su ne mafi araha, kuma sun yi suna wajen fashewa. Wannan ya sa mafarauta da yawa a yankin suka saba harbi daga kwankwaso ko da hannu a miƙe, ba su kai ƙota kafaɗa, balle su kusanto da fuska. Saiti ya lalace, amma ido ya tsira.

Yadda Turawa suka rubuta nasu

A ƙarshen ƙarni na 16 Yarima Maurice na ƙasar Holan ya ɗauki hanyar rarraba ɗuri zuwa ƙananan motsi, kowane da umurninsa. A 1607 Jacob de Gheyn ya buga littafi mai zane-zane da ke nuna motsi fiye da 40 na ɗan bindiga, daga sauke ta daga kafaɗa har zuwa mayar da ita. Babbar damuwarsu a lokacin ita ce igiyar wuta, domin bindigar wannan zamani da igiya mai ci ake kunna ta, soja yana riƙe da wuta a hannun hagu yana zuba albarushi da dama. Maganin da suka samo shi ne 'yan gwangwanayen katako da ake ratayawa a ƙirji, kowane da awon harbi ɗaya. Daga baya aka koma ƙunsa awon da harsashinsa cikin takarda, soja ya yage da haƙori ya zuba. A nan ba laifi a tuna cewa wannan yagewa da haƙori ce ta zama fitilar boren Indiya na 1857, da jita-jita ta bazu cewa an shafa wa takardun kitsen alade da na saniya, abin da Musulmi da 'yan Hindu duka ba su iya kaiwa baki.

Masu harba igwa su ma suna da nasu: bayan kowane harbi sai an zura jiƙaƙƙen soso a kashe garwashi, mutum ɗaya kuma ya danne 'yar kafar da babban yatsa don kada iska ta hura wutar yayin da abokinsa ke daka. Bindigar ƙanƙara ta maye gurbin ta igiya, sannan bayan binciken wani limamin coci ɗan Sikotlan, Alexander Forsyth, wanda ya yi rajistar dabararsa a 1807, aka samo 'yar hular tagulla da ake ɗorawa kunama ta sara. Zuwa wajen 1870 rundunonin Turai sun koma bindiga mai buɗewa ta baya. Mu kuwa yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana a sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar ƙofa ga bindigar ƙanƙara da albarushin fatauci kawai. Da wannan doka bindigar toka ta sami tsawon rai a ƙasarmu bayan an yi jana'izarta a inda aka ƙera ta. Garin Brandon na Ingila ya ci gaba da fasa ƙanƙara yana aikowa Afirka har cikin ƙarni na 20.

A Amurka, masu sha'awar tsohuwar bindiga sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1933, filin gasarsu yana garin Friendship a jihar Indiyana, a 1971 kuma aka kafa kwamitin duniya na wannan wasa. In mutum ya duba ƙa'idojin irin waɗannan filaye zai ga ba sabon abu a ciki, tsoffin haɗurran nan ne aka bi ɗaya ɗaya aka toshe. Ba a zuba albarushi daga ƙaho zuwa bututu, sai an auna a ɗan mudu dabam, a rufe ƙahon tukuna. A gasar duniya ma kowane awo a ɗan mazubinsa ake zuwa da shi. Ba a shan taba kusa da teburin ɗuri. Ba a sa baki a hura bututu, duk da cewa tsohuwar al'ada ce ta maharba, sai dai a goge da ɗanyen ƙyalle. Ana yi wa sandar ɗuri zane biyu, ɗaya na bindiga wofi, ɗaya na ɗuri guda, ta yadda in an zura ta za ta faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Ba a ɗora tafin hannu ko fuska a saitin baki. In ta ƙi tashi, a bar bakinta yana kallon abin hari kamar minti ɗaya. Ba a kuma taɓa sa mata garin harsashin zamani marar hayaƙi, irin wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, domin ƙarfinsa ya fi abin da bututun zai ɗauka. Uwar dokokin kuwa ita ce: a ɗura a teburi a baya, amma ba a sa hular tagulla ko garin kasko, ba a ja kunama, sai an tsaya a kan layin harbi. Watau dai a ɗura a wuri ɗaya, a ɗana a wani wurin.

Abin da ya saura a hannunmu

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, bindigar toka ta rage a hannun mutum biyu, ɗan bindigar fada da mafarauci. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ware mata sashe nata, ta bambanta ta da sauran bindigogi. Maƙeran gida suka karɓi aikin ƙira, sai dai maimakon bututun da aka yi don bindiga, aka koma ga bututun famfo da sandar sitiyarin mota, waɗanda ba wanda ya gwada ƙarfinsu. Ɗan bindigar fada ba ya sa harsashi, amma kada wannan ya ruɗe mu. Tun da ƙara ake nema, awon albarushinsa yakan fi na mafarauci, yana kuma ɗuri da ɗani duka cikin tafiya, a tsakiyar taro, bututu da zafi, harbi na bin harbi. Duk sharuɗɗan haɗarin garwashi sun cika a nan.

Na taɓa zama da wani dattijo da ya gaji wannan aiki a wata fada, ya kuma bar shi saboda tsufa. Hannunsa na dama yatsa uku ne. Na ce, "Baba, yaya aka yi?" Ya ce, "Malam, gaggawa ce. Sarki ya kawo kai, na ga abokaina sun shirya ni ban shirya ba, sai na kafa gora a bakinta." Daga nan ya shiga lissafa mini abin da mahaifinsa ya hore shi da shi. A tafin hannu ake awo, ba daga gora ba. Da yatsu ake gane ɗuri: a zura sanda, a ga yatsa nawa ta rage a waje. Ba a miƙa wa wani bindiga a ɗane. Ba a shiga gida da ita a ɗure, sai an juye ta a bayan gari. In ta ƙi tashi, a ɗaga ta sama a yi salati tukuna kafin a sauke. Wannan na ƙarshe ya burge ni ƙwarai, domin jiran nan ne na filin gwaji, aka auna shi da salati maimakon agogo.

Ba zan ɓoye ba, cikin abin da ya faɗa akwai wanda ban yarda da shi ba. Ya haƙiƙance cewa bindiga takan fashe in an yi mata sammu, ko in mai janaba ya taɓa ta, ya kuma nuna mini layar da ke ɗaure a ƙotar tasa. Illar irin wannan bayani ita ce yana ɗauke laifi daga kan awo da bututu ya kai shi inda ba a iya gyarawa. Amma shi da kansa, da aka zo kan yatsunsa, bai ambaci sammu ba, gora ya ambata.

Abin da ya sa batun ya wuce sha'awar masu tarihi shi ne yawan hannuwan da suka ɗauki adaka a 'yan shekarun nan. Tun da matsalar 'yan fashin daji ta tsananta a Zamfara da Katsina da maƙwabtansu, samari 'yan sa-kai da yawa sun sayi bindiga wurin maƙeri ba tare da sun zauna gaban wani mafarauci ba. Sun sami bindigar, ba su sami horon da ke tafiya da ita ba. A ɗaya gefen kuma, hukumar UNESCO ta sa wasan dawaki da bindiga na Maroko cikin jerin al'adun duniya a 2021, ta sa hawan sallar Kano a 2024, ga shi kuwa ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku sun rubuta kundaye a kan kayan doki da kirarin sarakuna da kiɗan fada, 'yan bindiga kuwa sai dai a ambace su a layi ɗaya cikin jerin ayari. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham sun tsinci wasu kalmomin, amma ƙamus ba ya nuna tsarin aiki, ba ya faɗin wane motsi ke gaba da wane. Wannan sai an je da rakoda an zauna da masu abin, a Kano da Katsina da Zazzau da Damagaram, a kwatanta abin da kowace fada ta riƙe.

Da na tashi tafiya dattijon ya sa jikansa ya ɗauko sandar ɗurinsa. Ƙarfe ce da ta yi santsi don daɗewa, da wasu zane biyu da aka yi da zarto kusa da kanta. Na tambayi yaron, wanda shi ke fita hawa a madadin kakan yanzu, ko ya san amfanin zanen. Ya jujjuya sandar, ya ce shi da ado ya ɗauke su.